Sifiri Arba'in na Hasiya

Ni ce Kande, daga wani ƙauye gabas da Gangara. Ban yi lakol ba, wato makarantar boko. Mai rubuta wasiƙa na bakin buro, wato ofishin hukuma, na sa ya rubuta wannan yadda na faɗa, domin Sufeton makarantu na Gazawa, kuma na gaya mishi in ya gyara mini magana zan sani.

Jikata Hasiya shekararta takwas. Uwarta ta rasu, ubanta Mudi yana Agadas wajen aiki, ni ke riƙonta. Bana malamin ajinsu, Mushe Sabi'u, ya aiko a gaya mini wai yara duk sun fara karatu, ita ko baƙi ɗaya ba ta ganewa, in aka kai ƙarshen shekara a haka za ta sake ajin. Ya ce kullum zai rubuta mata layi biyu a allo ta kawo gida, a taimaka mata ya shiga.

To ni na san yadda rubutu ke shiga mutum. Tun ina yarinya, in malam ya rubuta a allo ya ce a kai gida, wankewa ake a sha. Don haka kullum Hasiya ta dawo sai in amshi allon, in wanke shi tas a ƙwarya in ba ta. Alli ba daɗi, sai na riƙa sa tsamiya da ɗan sukari. Ta ce, "Kaka, Mushe cewa ya yi a kwafa." Na ce ta rufe mini baki, ba ita za ta koya mini aikin allo ba.

Kwana arba'in muna yi. Ko ranar kasuwar Gangara da wuri nake dawowa. Har na fara ganin alama, don harshenta ya yi fari kuma ta rage surutu.

Ashe kullum da safe ta kai allo wankakke, sifiri Mushe yake dangwara mata a littafinshi. Da suka cika arba'in ya sa aka kira ni. Na tafi da ƙwaryar. Ya tambaye ni ina aikin da yake ba ta, na ce yana cikinta. Mutumin nan ya yi dariya har ya zauna kan bencin yara, su ma suka kama. Na ce mishi ko dai allinshi jabu ne, ko hannunshi ba albarka, don ni ban zubar da ko ɗigo ba.

Hayaniyarmu ta fito da Direkta Yusufu, shugaban lakol ɗin, dattijo mai tabarau. Shi bai yi dariya ba. Ya tambayi yawan ruwan, ya tambayi tsamiyar, ya gyaɗa kai. Sai ya ce, "Inna, rubutun lakol yana da sharaɗi. Ba ya kamawa sai mai sha ta rubuta da hannunta a ƙarƙashin na malam, ta faɗa miki da baki sau uku. Kuma ba a wankewa sai malam ya gani. Cokali ɗaya ma ya isa."

Na ce me ya hana a gaya mini tun farko. Ya dubi Mushe, ya ce wannan laifin lakol ne.

Haka muka koma yi. Ina ɓarar wake, tana gefena tana jan baƙaƙe kamar mai huɗa a fako. Ban san daidai ba, ban san kuskure ba, amma ina da kunne. In faɗa ta biyu ta saɓa da ta farko, sai mu koma baya. Wata rana layi ɗaya ya kai mu har la'asar. Ta yi kuka, na ba ta gyaɗa, muka ci gaba.

Ƙarshen shekara Mushe ya ce karatunta ya tashi, amma sifiri arba'in sun ja ta ƙasa, za ta sake ajin. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ajinshi, na zauna da wakena. Duk mai shiga sai ya tsallake ƙafata. Rana ta uku Direkta ya ɗauko littafin da Hasiya ba ta taɓa gani ba, ya buɗe tsakiya ya miƙa mata. Ta ɗora yatsa. Ta yi layi shida, ta yi tuntuɓe sau biyu, ta tashi da kanta. Direkta ya amshi littafin Mushe ya ja layi a kan sifirin nan duka, ya ce ta wuce aji na gaba.

Na gode mishi. Amma na leƙa na gani, sifirin suna nan ƙarƙashin layin, kowa na iya ƙirga su. Na ce Mushe ya wanke shafin ya shanye, tunda hannunshi ya rubuta. Wai ya ce da alƙalamin bik ya rubuta, ba alli ba, ba ya wankuwa. Shi ya sa na hau amalanke na zo Gazawa. Sufeto, ka ba shi umarni kawai. Sabulun toka yana wurina, kuma ba zan sa mishi sukari ba.