Maganar Malam Bayan Ciwo

Da aka sallamo Malam daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa kuma ta koma kalma ɗai-ɗai. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen koyar da nahawu, yanzu sai dai ya ce "sha", ko "kwanciya", ko "tashi".

Matarsa ta san irin waɗannan kalmomi. Shekara da shekaru tana jiyo shi daga kicin yana yi wa ɗalibai bita a falo: "Wannan shi ne sunan aiki, wato aikin da aka mayar suna. In na ce 'ta tafi', kun san mace ce, kun san an riga an yi. In na ce 'tafiya', wa ya yi? Yaushe? Oho." A lokacin tsokanarsa take yi, wai har a gida alli bai bar hannunsa ba. Yanzu ita ce mai cike masa sauran maganar da ka.

Da farko abokan aikinsa sun riƙa leƙowa. Sai ya dube su ya ce "zama", su zauna su yi ta kallon fanka. A hankali ƙafa ta ɗauke. Gida ya rage daga ita sai shi, sai rediyon da take kunnawa don kunnenta ya ji magana doguwa.

Wata safiya tana goge masa baki, ya riƙe hannunta da hagunsa.

"Zuwa."

"Wa zai zo, Malam? Likita? Ko Auta kake nufi?"

Ya lumshe ido. Ta ɗauka amsa ce, ta kira autansu da ke aiki a wani gari mai nisa.

"Umma, cewa ya yi in zo?"

"Cewa ya yi 'zuwa'. Kai dai ka zo."

Auta ya zo ƙarshen mako, ya gyara famfon banɗaki, ya sayo keken guragu. Malam ya yi murna da ganinsa, amma da ya juyo wajen matarsa sai ya sake cewa, "Zuwa." Ashe ba shi ba ne.

Bayan Auta ya koma, ta ɗora Malam a keken don ya sha iska. A bakin ƙofa ya ɗaga yatsa ya nuna hagu. Ta tura. Duk mararrabar da suka iso sai ya nuna, ita kuma ta bi, har suka tsaya a ƙofar makarantarsa. Hutu ake yi, ƙofar a kulle.

Wani sabon mai gadi ya leƙo. "Baba, wa kuke nema?"

Malam ya buɗe baki, kalma ta ƙi fitowa.

"Nan ya yi aiki," in ji ta.

Mai gadin ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya koma kan bencinsa. Malam ya daɗe yana kallon tagar wani aji ta tsakanin ƙarafan ƙofa. Da rana ta fara zafi, ta gyara masa hula, ta juya keken. Hanyar gida hawa ce, sai da ta tsaya hutawa a inuwar wani shago.