Kwalliyar Zuwa Asibiti

"Ajiye jambakin nan, Renita, mu tafi!"

Mama Odessa ce a bakin ƙofa, makullin mota a hannu. Maƙwabciyarta Renita, wadda ta haihu makon jiya, tana zaune gaban madubi. Ƙafafunta sun kumbura sun ƙi shiga takalmi, kanta na sara kamar zai tsage, amma ba ta fasa shafa hoda ba.

"Mama, kin san asibitin garin nan. In na je musu da rigar barci, kallon 'yar ƙwaya za su yi mini. Baƙar mace ba ta zuwa wurinsu wujiga-wujiga."

Odessa ta sani sarai. Haka kowace uwa baƙar fata a jihar Mississippi take koya wa 'yarta: in za ki ga likita, ki shirya kamar za ki coci, ki tausasa murya. Ita da kanta ta ɓalla wa Renita maɓallan rigar Lahadi.

A asibiti, nas ɗin da suka tarar a kanta, wata Baturiya mai fara'a, ta dubi Renita sama da ƙasa. "Kai, ji yadda kika yi kyau! Wa zai ce jego kike? Gajiya ce kawai. Ki sha maganin ciwon kai, ki huta."

"Ina gani dishi-dishi," in ji Renita cikin ladabi.

"Rashin barci ne."

Suna nan tsaye aka shigo da wata mai jegon, farar fata, gashi buzu-buzu, ta dafe kai tana ihu. Nan take aka ɗaura mata abin gwajin hawan jini, aka kira likita a guje. Odessa ta buɗe baki, Renita ta matse mata hannu. "Bari, Mama, kada su ce mun zo da rigima."

Washegari da hantsi Renita ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Kafin motar asibiti ta iso, ta cika. Aka ce hawan jini ne, irin wanda kan biyo bayan haihuwa. Da an gwada, da an gani.

Matan coci suka cika gidan da soyayyar kaza da gurasar masara, kowa na ba da haƙuri. Odessa kam haƙurinta ya ƙare ƙarƙaf, baƙin ciki kamar ya kashe ta. Ana gama binnewa ta karɓi jaririn daga hannun ubansa, ta nufi asibitin.

"Likita kika zo gani?" in ji nas ɗin.

"Ke na zo gani. Uwar yaron nan ta tsaya a gabanki ta ce tana gani dishi-dishi. Faɗi sunanta."

Nas ta kai hannu ga kwamfuta.

"Kar ki taɓa! Daga kanki nake son ji."

"Baiwar Allah, ki rage murya, ko na kira mai gadi."

"Kira shi, ki haɗa da ubangidanku. Rage muryar ce ta kai ta kabari." Ta juya ga masu jiran layi, ta ɗaga murya yadda har na ƙarshen baranda ya ji: "Renita Fairley sunanta!"

Ta jawo kujera ta dasa a gaban kantar, ta zauna daram. Mai gadi ya iso da sauri, wani baƙin dattijo. Ya dubi tsohuwar, ya dubi jaririn da ke barci a ƙirjinta yana tsotsar yatsa. Sai ya cire hularsa, ya tsaya a gefenta.