Hoton Don Eusebio

Doña Otilia ta zazzage kwali na uku a kan tebur, hotuna suka watse har ƙasa. Duk na baƙi ne: 'yan birni riƙe da igiya suna sulu a kan tafkin Tequesquitengo, yara sun ƙanƙame ƙaton tif, baki a wangame. Shekara talatin mijinta Don Eusebio yana ɗaukar mutane hoto, amma nasa ko ɗaya babu, sai na katin zaɓe da ya fito kamar ɓarawon akuya.

"Compadre, ƙarfe biyar za a fara addu'ar da za a kwana tara ana yi," ta ce wa Nicanor. "Me zan sa a tsakanin kyandirori? Hularsa?"

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, Nicanor ne ya riƙe 'yarsu ranar baftisma, abin da ya sa take ce masa compadre ke nan, shi ne kuma direban kwalekwale mai injin da marigayin ke aiki a ciki. Shi yana gaba yana tuƙi, Eusebio yana baya yana fuskantar mai sulu. Duk shekarun nan ƙeyar mutumin ya fi sani, ita yake gani a madubin tuƙi. Jiya aka binne shi, har yanzu Nicanor bai ji komai ba, ko hawaye sun ƙi zuwa. Ji yake kamar an toshe masa kunne da auduga.

Ya ɗauko jakar kyamarar don dai hannunsa ya sami abin yi. Idanun kyamarar biyu ne, Eusebio kuwa ya fi limamin coci tsauri a kansu. Dogon na masu sulu ne, don igiyarsu na da tsawo, har salatif ya naɗa masa daidai tsawon igiyar kada girgizar ruwa ta goce masa saiti. Gajeren na 'yan tif ne, masu wulwulawa hagu da dama, waɗanda dogon ido ba ya iya bi. Ranar Lahadin nan da ta wuce kuwa, wata budurwa za ta yi sulu, sai ga shi ya ɗaura gajeren.

Nicanor ya ce, "Tsoho, da wannan za ka ɗauke ta? Ai sai ta fito kamar ƙuda a faranti."

"Kai dai ja jakinka, an tambaye ka?" in ji Eusebio, yana nuna kwalekwalen.

Da suka yi nisa ne Eusebio ya ce dogon ya yi masa nauyi yau, hannunsa na hagu ya sage. Nicanor ya yi masa dariya, ya ce tsufa ne da yawan cin naman alade. Da suka dawo gaɓa Eusebio ya zauna a kan dakali wai zai huta, bai sake tashi ba.

Gajeren idon na nan a ɗaure. Nicanor ya kunna kyamarar yana wuce hotunan Lahadi ɗaya bayan ɗaya. Budurwar ta fito ƙanƙanuwa yadda ya faɗa, ruwa da duwatsu sun cinye hoton. A na ƙarshe yatsansa ya tsaya. Ashe Eusebio ya juyo, ya riƙe kyamarar a ƙirji, ya ɗauki hoton madubin tuƙi. Ga fuskarsa nan sarai, hula a karkace, yana murmushin mugunta, ga Nicanor a gefe ya buɗe baki yana tsiyarsa. Da dogon ido ne ba zai ɗauku ba, madubin ya yi kusa da yawa.

Nicanor ya tafi shagon wankin hoto na bakin kasuwa da ƙafa, ya dawo biyar saura kwata, maƙwabta sun fara jera kujeru, ƙamshin kofi da kirfa ya cika tsakar gida. Doña Otilia ta daɗe tana duba hoton. Nicanor ya ce ta kawo almakashi a cire shi, bai dace mai rai ya hau teburin mamaci ba.

"Bar shi haka, compadre," ta ce. "Kai yake wa dariyar."

Ta jingina hoton da kofin ruwa, ta kunna kyandirori. Nicanor ya ja kujera ya zauna a layin gaba, jakar kyamarar a kan cinyarsa, mata suka fara addu'a a bayansa.