Matakalar Masallacin Layinsu

Fareeda tana shekara ta uku a jami'a, tana karatun zane da injiniyancin gine-gine, lokacin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama mahaifinta, Malam Audu, direban tirela a Ijora. Da aka sallamo shi daga asibiti, a keken guragu ya dawo gidansu na Agege.

Abin da ya fi ci masa rai masallaci ne. An ɗaga gininsa sosai saboda ambaliya, sai an hau matakala masu tsayi. Samari suka riƙa ciccibar sa da keken duk sallah. Rannan ya kusa suɓuce musu, mutane suka sa salati. Tun daga ranar ya daina fita.

"Baba, an kira la'asar fa," in ji Fareeda.

"Na ji. Ni ba buhun shinkafa ba ne da za a yi ta ɗaga ni."

Ta ɗauki tef ɗin awonta ta tafi wajen Malam Sunusi, shugaban kwamitin masallaci, ta ce za a iya yin gangare maimakon matakala. Ya dubi ƙofar, ya dubi kwatar da ta ratsa gabanta.

"'Yata, ina filin yake?"

Gaskiyarsa ne. Zanenta na farko ya yi tsaye da yawa. Da suka gwada da katako, keken ya riƙa komawa da baya. Ta koma gida ranta a jagule. Daga baya ta yi shawarar a rufe kwatar da kankare, gangaren ya bi jikin bango a hankali, ya karya kwana sannan ya isa ƙofa. Salissou, wani birkila mutumin Nijar, ya karɓi aikin, yana ta tsokanarta da "oga injiniya".

Aikin ya cinye mata lokaci. Zanen da aka ba su a makaranta bai kammalu ba, malaminta kuma bai saurari uzuri ba, ya ce sai ta maimaita kwas ɗin. Ta sha kuka a cikin motar haya ta danfo, ba ta gaya wa kowa a gida ba.

Da aka gama gangaren, ranar Juma'a ƙaninta ya tura Malam Audu har sahun gaba. Da ya dawo ya ce a zubo masa tuwo, ya ci sosai, yana ta ba su labarin huɗuba.