Dabinon Salla a Ranar Azumi

Safiyanu yana ɗaure igiyar takalmi, hankalinsa duk yana kan jarrabawar ƙarfe tara, sai salularsa ta hau ruri. Mardiya ce, yayarsa, daga garinsu Buza. Yana ɗauka fuskarta ta cika gilashin, ta sha kwalli da sabon kallabi, bayanta yara sai ihu suke.

"Barka da Salla, ɗan Maroko!"

"Wace Salla kuma? Mu nan azumi muke."

"An ga wata a Nijar. Labari bai iso ba sai da kowa ya kwanta. Na kira ka har na gaji, salularka a kashe. Ga Inna."

Hoton ya yi yawo, ya nuna rufin kwano, ya nuna akuya, kafin ya tsaya a kan rabin fuskar Inna. Ita har yau ba ta iya riƙe waya daidai ba.

"Auta, ka kwana lahiya? Ina ƙunshin da na ba ka?"

Ya san ƙunshin. Wata bakwai da suka wuce, ranar da zai bar gida zuwa karatun aikin ruwa a birnin Fas, ta cusa masa dabino uku a bakin ƙyalle, ta ce kada ya taɓa sai ranar Salla. A gidansu haka ake tun yana rarrafe: safiyar ƙaramar Salla ba mai fita Idi sai Inna ta sa masa dabino a baki da hannunta, daga babba har auta, sannan ita ta ci nata a ƙarshe. Ko shekarar da mahaifinsu ya rasu ba ta fasa ba.

"Na ba wanka Mutari, na ba Mardiya, na ba jikoki," in ji Inna. "Kai ka rage. Ɗauko ka ci in gani."

"Inna, nan ba a ga wata ba. Na ma yi sahur."

"Wane irin ba a gani ba? Wata nawa Allah ya yi? Ko can sama gare ku daban?"

"Ba haka ba ne, Inna..."

"To mi ne ne? Azumi ranar Salla haramun ne. A zauren Malam Iliya ka karanta, ba ni na ƙaga ba."

Daga gadon da ke kusa da taga, abokin ɗakinsa Isaka ya leƙo da kai daga cikin bargo. Ɗan Madawa ne, shekararsa ta huɗu ke nan a ƙasar, kuma ba abin da yake so irin ya ga sabon zuwa ya ruɗe.

"Gari ake bi, yaro, ba salula ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ka kuskura ka ci, kaffarar azumi sittin ta hau kanka."

"Sittin?"

"Ko kuwa ramuwar ɗaya ce? Oho! Ni zanen gini nake karanta."

Safiyanu ya dubi Isaka, ya dubi waya. Kai, wannan wace irin safiya ce! In ya ci, ya karya azumi da gangan. In ya ƙi, ya yi azumi ranar Salla. Ta taga yana ganin mai shagon burodi zaune da carbi, gari tsit, ba alamar biki ko ta ƙwayar gero. A cikin tafin hannunsa kuwa ana kiɗa, ana guɗa. Ya rasa a wace rana yake tsaye.

Mardiya ta karɓe wayar, ta matsa bayan rumbu, ta rage murya.

"Ka san halinta. Ta ce ba abin da zai shiga bakinta sai ka ci. Maganin sugarta ma ba ta sha ba, ga shi hannunta ya fara rawa. Mutari ya tada babur tun ɗazu, mutane duk sun tahi fili. Don Allah ka yi wani abu."

Ta mayar wa Inna. Tsohuwar ta ɗaga dabinonta tsakanin yatsu biyu, ta buɗe baki za ta yi magana, sai hoton ya daskare. Rezon waya ya ɗauke.

Ya kira sau uku, shiru. Ranar Salla ce, duk ɗan Adar da ke Libiya ko Abijan yana neman uwarsa a lokaci guda, ina layi zai ishe su? Ya zauna a bakin gado yana kallon hannun Inna a sama, an bar ta a haka.

Ya jawo jaka, ya kwance ƙunshin. Dabinon ya bushe ƙamas, ƙyallen yana warin ɗakinta, hayaƙin kara da turaren wuta. Kewar gida ta taso masa.

"Kai, me za ka yi?" in ji Isaka, yanzu ba wasa a muryarsa.

Safiyanu ya ɗaga salula. Ya kunna ɗaukar bidiyo, ya yi bisimilla, ya jefa dabino a baki, ya tauna, ya haɗiye. "Inna, ga shi na ci. Ki ci naki." Ya tura. Saƙon ya tsaya yana juyi, ya ƙi tafiya.

Bai gama share hawaye ba kira ya shigo, na murya kawai. Inna ce, tana haki.

"Auta! Tsaya, kada ka ci! Malam Iliya ne ya zo wucewa zai tahi Idi, na tare shi a ƙofa. Ya ce wanda ke garin mutane watansu yake bi. Ya ce ka riƙe azuminka. Wai da na sa ka ci, da alhakin yana wuyana, ni da ko azumi ɗaya ban sha ba bana." Muryarta ta karye. "Ba ka ci ba dai ko?"

Ya buɗe tafin hannunsa. Ƙwallon dabinon yana nan, da danshinsa.

"Ban ci ba, Inna."

"Alhamdu lillahi! Allah ya yi maka albarka. To bari in ci nawa. Gobe in sun ga nasu watan ka kira ni, in ba ka naka."

Ya ji tana tauna, ya ji Mutari yana danna ham. Layin ya mutu. Da sauri ya nemo saƙon nan da bai tafi ba, ya goge shi.

Isaka ya tashi zaune, ya dube shi.

"To yanzu kai mai azumi ne ko mai Salla?"

"Wallahi ban sani ba."

Ya ƙulle dabino biyun da suka rage, ya mayar cikin jaka. Kwalbar ruwa tana kan tebur. Ya miƙa hannu, ya tsaya, ya janye. Ya ɗauki littafinsa ya fita tarar bas, zaƙin yana nan a bakinsa.