Ƙwan Kazar Mbah Ponirah

Ina durƙushe a bayan ɗaki ina tona rami da guntuwar fartanya sai na ji tarinta a kaina. Duk layinmu babu wanda bai san tarin Mbah Ponirah, wato Kaka Ponirah, ba: ya fara kamar ana jan benci a siminti, ya ƙare da istigfari. Ƙwai uku ne a gefena, waɗanda ta kawo da hantsi a haɓar zaninta.

"Shuka su kike yi, Nduk?" ta ce. Haka take kirana, 'yar yarinya, alhali na kusa yin jika. "To in sun tsiro a sammini iri."

Ta leƙa ramin, ta ga ɓawon na jiya da na shekaranjiya. Sai ta juya tana dafa katanga.

Shekara talatin Mbah tana hura wuta a gidan awarar Pak Suwondo. Da can itace ake sawa, da ya yi tsada aka koma leda. Sharar ƙasashen Turawa ce take zuwa ta ruwa da sunan tsohuwar takarda. Masana'antar takarda ta garinmu ta tsame takardarta, ta juye mana sauran da mota: ledar biskit, robar man wanke gashi, har ƙunzugun jarirai. Mu tsince abin da zai sayu, mu shanya ragowar a ƙofar gida yadda iyayenmu suke shanya shinkafa, in ta bushe a kai murhu. Tokar kuwa a bayan gidaje ake zubarwa, nan kaji suke tono.

Mbah ba ɗa ba jika, sai kaji bakwai. Ƙwai ne barkarta, ƙwai ne ta'aziyyarta. Tun da 'yata Ningrum ta samu ciki, kullum sai ta kawo uku. "Na kazar gida ne," take cewa, "ba na kanti mai ƙarni ba."

Sai wasu ɗalibai suka zo daga birnin Surabaya da safar hannu, suka kwashi ƙwai gida-gida. Da suka dawo da sakamakon gwaji suka tara mu a gidan mai unguwa. Wai gubar hayaƙin leda tana sauka a ƙasa, kaza ta tsince, ta taru a gwaiduwa, kuma mai ciki ta fi kowa shiga haɗari. Mbah ba ta je ba, tana bakin murhu. Ni kuma matsoraciya, maimakon in faɗa mata, sai na riƙa karɓa da hannu biyu ina godiya, in zagaya baya in binne.

Bayan ta kama ni, kwana goma kunya ta hana ni taka gidanta. Ningrum, wadda take kirana Bu, wato mama, ce ta ce, "Bu, ba ki ji tarin Mbah ya canza ba? Ko aiki ta daina zuwa."

Na same ta a kan gadon gora, ta rame har awarwaronta ya kai gwiwar hannu. Asibiti sun ba ta magani sun ce ta koma gida ta huta, kowa kuwa ya san ma'anar hakan.

"Mai gonar ƙwai, kin iso?"

Na fashe da kuka.

"Ke dalla share fuska, ba ki da kyan kuka. Matar mai unguwa ta faɗa mini komai." Ta tsaya sai da numfashi ya dawo. "Wata da watanni ina ɗura wa yarinyar nan guba da hannuna, ina jin daɗi."

"Ai ba ki sani ba, Mbah."

"Da kika sani fa? Sai kika bar ni ina ta kawowa kamar mahaukaciya."

Har yau maganar nan tana cina. Na riƙe ƙafarta ina neman gafara, ta janye ta ce ina mata cakulkuli.

"Lahadi ne wankan wata bakwai na cikin Ningrum?" ta tambaya. Na ce eh. "Ƙwan da mijinta zai saki ta cikin zaninta don haihuwa ta zo da sauƙi, wannan ai ba ci ake yi ba, ƙasa yake zuwa. Ki bari ya zama nawa, Nduk. Ko sau ɗaya ƙwaina ya yi wa yaron nan amfani."

Na yi mata alkawari.

Ranar Juma'a da sassafe ta cika, daidai lokacin da ake kunna murahu. Pak Suwondo ya sa aka kashe wuta har a dawo daga maƙabarta, ranar na ga dutsen da ke kudu da mu tas, abin da na manta rabona da gani. Da muka gama yi mata wanka ina kintsa ɗakin, na buɗe tukunyar shinkafarta. Ƙwai ɗaya ne a ciki, an naɗe shi da hankici, an binne rabinsa a shinkafa don kada ya fashe.

Dangin mijin Ningrum sun so a ɗaga wankan wata bakwai, na ƙi. Ranar Lahadi mata shida suka zuba wa Ningrum ruwan furanni. A al'ada bakwai ne, kuma ta bakwai Mbah ce ya kamata, sai na ɗebo a madadinta. Uwar mijin ta miƙo farin ƙwan kanti.

"Wannan za a sa," na ce, na warware hankicin.

"Na gidan marigayiya? Ba shi ne aka ce..."

"Wa ya ce miki soyawa za a yi?"

Mijin ya karɓa ya saki. Ƙwan ya bi cikin zanin ya fashe tsakanin ƙafafun Ningrum, mata suka ɗauki shewa wai tunda ya fashe mace za a haifa. Ningrum ba ta yi dariya ba, gwaiduwar take kallo tana bin ruwan furanni zuwa kwata.

Da la'asar na ɗebi tsaki na kai wa kajin. Shida suna tono a tokar bayan gida. Ta bakwai ta fito daga ƙarƙashin gadon gora tana kyarkyara, na sunkuya na leƙa. Ta yi ƙwai a cikin takalmin Mbah, na ɗauko ƙwan da ɗuminsa. Na jima tsaye a ƙofar riƙe da shi, baƙin hayaƙi yana tashi daga gidan awara.