Ranar Allurar Rufus

…to ko da sun tafi ɗin ma, wa ya ce likitan zai zo?

Wuƙa ta shiga, citta ta rabu biyu, ta faɗa kwando. Wata kuma. Afiniki ba ta ko kallon hannunta. Tun fitowar rana take zaune a gindin mangwaron nan tana tsaga, yatsunta na zafi kamar ta cusa su cikin dakakken barkono, tulin kuwa ko alamar raguwa bai yi ba. Katin asibitin yana ƙulle a bakin zaninta, duk sunkuyawar da za ta yi sai ya soke ta a ciki. Ba sai ta buɗe shi ba, ta san abin da ke ciki. Kofur Rufus Kambai, Nok. Alhamis ta biyu a kowane wata, a kawo shi Kafanchan a yi masa allura. A kawo shi! Sai ka ce buhun acca.

Yau ce Alhamis ɗin.

Ga shi can a kan falalen dutse, mijin nata, ba riga, yana baza cittar da ta tsaga jiya. Waƙa yake yi. Ta cikin littafin coci ce, ta lokacin girbi, ya manta rabin baitin yana cikewa da fito. Yaushe rabon da… a'a, kada ta fara lissafi. Amma yaushe rabon? Tun kafin Kaduna. Tun kafin kasuwar Kwoi.

Wata uku ke nan ba allura idan yau ta wuce. Na farko ba laifin kowa ba ne — ai sun je. Sun taka har mararraba, sun hau bayan motar katako tare da awaki, sun zauna kan bencin nan na bayan asibiti, kusa da inda ake shanya zanen gado, tun safe har inuwa ta juya. Sai ga wani da tsintsiya a hannu: likitan Kaduna bai zo ba, ku dawo wata mai zuwa. Shi ke nan. Ko sannu babu. Ƙwayoyin fa? Sun ƙare, ana jiran mota. Wata na biyu kuma tonon citta ya kama, ita ba ta ce komai ba, shi bai ce komai ba, ranar ta zo ta wuce kamar kowace rana. Sai hannunsa ya daina rawa. Sai yawun nan ya daina zuba. Sai wata safiya ta ji sara a bayan gida, ta fita da gudu, ashe itace yake faskarawa. Itace! Ya ɗago ya ce mata, me ya faru, kin ga kura ne?

Dariya ya yi. Da haƙoransa duka.

To yanzu ta ɗauki wannan mutumin ta kai a mayar mata da wancan?

Wancan da aka sallamo mata daga Kaduna bayan wata bakwai — ya yi ƙiba, fuska ta kumbura, wuya a sandare, yana tafiya da 'yan gajerun taku kamar an ɗaure masa ƙafa. A ajiye shi a kujera da safe, a dawo daga gona a same shi a nan. Rana ta taɓa shi kaɗan, fatarsa ta yi ta ƙuna. Manomi ne fa! Wane irin magani ne zai hana manomi shiga rana? Ta tambaya. Wallahi ta tambaya, ta buɗe baki a gaban likitan. Bai ɗago daga rubutunsa ba, Turanci ya yi, Sista Mildred ta juya mata: haka maganin yake, Mama, a yi haƙuri. A yi haƙuri. Bara ya ɗauki wuƙa zai taya ta wannan tsagar, hannu na karkarwa, ya yanke babban yatsa har ƙashi, ya zauna yana kallon jinin kamar na wani ne…

Amma wancan bai taɓa danne 'yarsu Lucia ba.

Kash, ta yanki kanta. Kaɗan ne. Ta tsotsi yatsan, yaji da gishiri.

Ranar kasuwar Kwoi ce, rana tsaka, tayar wata babbar mota ta fashe a bakin tasha. Taya kawai. Mata suka yi salati, 'yan kaji suka watse, aka fara dariya. Ta juya ba Rufus, ba yarinya. Suna ƙarƙashin teburin mai nama, ya kwanta a kanta da dukan nauyinsa, ya toshe mata baki da tafin hannu, yana cewa shiru, shiru, za su ji mu. Shekararta huɗu. Ƙafafunta ne kaɗai a waje, suna harbawa, suna harbawa, sai suka rage harbawa — maza huɗu ne suka ɓamɓare shi. Huɗu. Kuma ba dukanta yake ba, abin da ba wanda ya gane ke nan, ɓoye ta yake yi. Ceton ta yake yi! Ina za ka kai ƙarar mutumin da ya kusa kashe 'yarsa don yana son ta? Har yau kafaɗar yarinyar in hadari ya haɗu sai ta ce Mama, nan wurin.

Ko ya ji sauƙi kada ku daina. Muryar Sista Mildred ke nan, ta riƙe mata hannu a bakin ƙofa. Lokacin da kuka ga ya ji sauƙi ɗin nan, Maman Lucia, lokacin ne ma za ki fi sa ido.

Sa ido. Da wane idon? Wanda ke gona, ko wanda ke murhu, ko wanda ke kan yarinya?

Su goma sha huɗu ne a bencin nan farkon zuwansu. Ta san su duka, ta san matansu, wani da uwarsa yake zuwa, wani da ƙanensa. Duk tsofaffin soja, duk yaƙi ɗaya. A kira su da ƙarfi ta taga, sojoji masu ciwon kai ku matso nan, duk layin masu awon ciki su juyo suna kallo, har da matar dattijon ikilisiyarsu wata rana, ta yi kamar ba ta gan ta ba, ran Lahadi kuwa a Zumuntar Mata aka sa ta a addu'a da suna. Zuwansu na ƙarshe su huɗu ne. Ina goman? Wa ya tambaya? Akwai wanda ya ɗauki keke ya bi sawunsu? Lokacin da ake neman su ai har ƙauye mota ta zo. Har gindin tsamiyar makaranta, da ganga, da mai lasifika, aka auna musu ƙirji da igiya, aka kwashe su tana da cikin Lucia wata biyar. A lokacin an san hanyar Nok. Yanzu hanyar ta ɓace. Yanzu sai dai ita ta ja shi, ta hau da shi, ta sauko da shi, ta zauna da shi, a ce mata likita bai zo ba.

Gregory ya daina zuwa tun bara, ga shi can garin Gidan Waya yana gyaran keke, lafiyarsa ƙalau, har ya yi aure. Ka gani? Ana warkewa.

Meshak na Fadan Kagoma shi ma ya daina. Watansa biyar garau, ya yi noma, ya yi rufin ɗaki. Sai aka tsince shi a kan layin dogo ya nufi kudu da ƙafa, takalmi a rataye a wuya, wai zai koma ya ɗauko yaransa sojoji da ya bari a bakin kogi. Yana turu yanzu a gidan wani mai magani. Matarsa ta koma gidansu.

To Rufus wanne ne? Wa zai gaya mata? A goshi ake rubutawa?

Uwarsa ta ce allurar ce ciwon. Ta ce an kai mata ɗa da ƙafarsa an dawo mata da gunki. Fasto ya ce a haɗa da addu'a, kada a bar ɗaya don ɗaya. Wansa ya ce ke ce matarsa, ke kika san abin da kike gani. Kowa ya faɗi tasa ya tafi gidansa ya rufe ƙofa. Ita ce ke kwana da amsar.

Kuma ta ga ramin. Kada ta yi wa kanta ƙarya, ta gan shi. Bayan rumbu, tsawon mutum, zurfinsa har ƙugu, gefensa a miƙe sumul kamar an sa magwaji. Na ruwa ne, in ji shi, saboda damina. Damina a watan Kirsimeti? Ran Lahadi kuma ya bar bencin maza na gaba ya koma na ƙarshe, jikin ƙofa, bayansa a bango. Zafi ne, in ji shi. Yau da safe ya ce ta ba shi ruwa, ba da yarensu ba, da Hausar bariki, gajeriya, a tsaye: kawo ruwa, maza. Sai ya ji kansa, ya yi murmushi, ya sake faɗa yadda ake faɗa a gida. Ƙila wasa ne. Mutum ba zai yi wasa ba? Ba zai haƙa rami a gidansa ba? In wani ne ya haƙa, wa zai kula? Haka za ta ƙare, tana auna kowane tari nasa, kowace dariya — wannan tasa ce, wannan ta ciwon ce?

Ga kuma ɗayan abin. Wanda ba ta gaya wa kowa ba, ko shi.

Kwana goma sha biyu jininta na wata ya wuce lokacinsa. Ita da ba ta taɓa saɓawa ba. Shekara bakwai Lucia ita kaɗai, ana ta yi mata kallon gefen ido, ana kawo mata saiwa a ɓoye, ba wanda ya san tun da aka fara allurar nan mijinta kwanciya yake kamar ɗan'uwanta. Sai watan jiya ya dafa bayanta tana tankaɗe, ya kira ta da sunan da yake kiranta suna samari, a bakin rafi… Ubangiji, to wannan kyauta ce ko gwaji? In kyauta ce, ta hanyar barin maganin ta zo. In ta mayar da shi yau, wa zai yi mata huɗa in damina ta zo, da ciki? In ba ta mayar ba, jariri fa? Jariri ba shi da ƙafafun da za su leƙo daga ƙarƙashin tebur a gani.

A'a. A'a. Tashi za ta yi. Yanzu. Ta wanke hannu, ta ɗauko masa farar rigarsa, ta ce Baban Lucia sauko mu tafi. Kalma nawa ce? In sun yi sauri za su tarar da motar a mararraba, takan tsaya lodin doya. Tana gama wannan ɗayar. Wannan mai 'ya'ya da yawa, sai an bi ta a hankali. To, wannan. Bari kwandon ya cika, kaɗan ya rage, ba a barin tsagaggiyar citta a inuwa, baƙi take yi. Shi ma ai ya san kwanan wata. Shi ya yi makaranta har aji shida, ba ita ba. Jikinsa ne. In yana so ai zai ce. Me ya sa kullum ita? Me ya sa sai ita ce za ta zama mai kai shi, ya dube ta a bencin nan da idon nan, lokacin da aka ce ya kwance wando ya juya…

Ham ɗin motar. Daga bayan tudu, dogo, sau biyu.

Waƙar ta tsaya.

Wuƙar na hannunta, citta a ɗaya hannun. Kada ka faɗi. Kada ka kwanta, Rufus, mota ce, motar Kafanchan ce kawai. Yana tsaye a kan dutsen, bayansa gare ta, kafaɗunsa sun ɗaga. Ɗaya… biyu… Ƙarar injin ta hau gangaren, ta yi ƙasa, ta shige cikin itatuwa. Kafaɗun suka sauka.

Bai faɗi ba. Ka gani? Bai faɗi ba!

Yana saukowa, kwandon wofi a hannu. Ya jawo turmi ya kifa ya zauna kusa da ita, ya ɗauki ɗaya wuƙar. Warin zufa da citta. Hannunsa tsaf, tsaga ɗaya, biyu, ya fi ta sauri.

“Motan ya wuce,” ya ce.

“Ya wuce.”

“Na ga kin wanke mini farin riga jiya. Na ce ko za ki ce mu tafi.” Bai ɗago ba. “Da kin ce, da na bi ki, Maman Lucia. Ni ba zan iya cewa da bakina ba.”

Ashe ya sani. Tun safe ya sani, tun watan jiya. Waƙar nan duk jira ce. Yana can yana jiran ta kira shi, tana nan tana jiran ya sauko, kowa ya sakar wa ɗan'uwansa igiya yana zaton ɗayan na riƙe da ita… To wa ke riƙe da su? Tun yaushe ba kowa?

Ta buɗe baki. Mako huɗu kafin wata Alhamis ɗin. In likitan ya zo. Sai ya riga ta magana.

“Ina Lucia?”

“Tana makaranta.”

Ya gyaɗa kai. Citta uku, huɗu, biyar suka faɗa kwando. Wuƙarsa ta tsaya a tsakiyar ta shida. Idonsa na kan 'yar hanyar da ta bi ta cikin dawa. Sai ya sake tambaya, kamar bai ji amsar ba.

“Ina Lucia?”